Gunti Yena: kwarin da ya raba Yamai gida biyu ya zama ajin ɗaliban jami'a

Baƙon da ya sauka Yamai daga Maraɗi, Tawa ko Damagaram yakan ƙetare Gunti Yena sau biyu ko uku a yini ba tare da ya san sunansa ba. Daga tagar taksi ko faba-faba, abin da ido ke kamawa shi ne ƴar gada, da koren ganye can ƙasa, da wani baƙin ruwa da ke tafiya a hankali tsakanin ledoji. Sai hanci ya ƙarasa bayani. Mafi yawan mutanen birnin sun ɗauke shi babbar kwata, wurin da ake toshe hanci a wuce.

Ga wasu ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni kuwa, nan ne filin aiki. Shekara da shekaru ke nan ƴan sashen nazarin labarin ƙasa, da na ilimin duwatsu, da na kimiyyar sinadarai, da na tsangayar aikin gona suke hawo gadar Kennedy daga Harobanda, inda jami'ar take, su gangara cikin kwarin da kwalabe da littafin rubutu, domin haɗa kundin kammala karatunsu. Jami'ar tana hannun dama na kogin Isa, Gunti Yena yana hannun hagu, kuma bakinsa, wurin da yake zuba cikin kogi, yana dab da ƙafar gadar. Ɗalibin da aljihunsa ba ya ɗaukar tafiya Agadas ko Difa don bincike yana da komai a nan: tarihi, ruwa, ƙasa, tsirrai, cuta da kasuwa, duka a kan kuɗin taksi.

Gunti Yena, wanda takardun faransanci ke rubutawa Gounti Yéna ko Gountou Yéna, asalinsa ƙorama ce irin waɗanda aka sani ko'ina a ƙasar nan, mai kawo ruwa da damina ta bushe da rani. Yana tasowa daga arewacin birnin, ya ratso ta wajen kasuwar Katako da filin wasa na Janar Seyni Kountché, ya bi ta gefen gidan tarihi na Boubou Hama, sannan ya faɗa kogi. An ɗaure wasu sassansa da siminti da duwatsu, wasu kuma suna nan da gaɓarsu ta ƙasa. Abin da ya sauya shi ne yanzu ba ya bushewa. Ko a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da rana ke dafa Yamai, akwai ruwa a cikinsa. Daga ina ruwan yake fitowa, wannan ita ce tambayar da ta ci kundi da yawa.

Iyakar da Turawa suka ja

Ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa sukan fara ne daga tsofaffin taswirori. Kafin zuwan Faransawa a farkon shekarun 1900, wurin da ake kira Yamai ƴan ƙauyuka ne a bakin kogi: Mawrey, Kalley, Gaweye, sai daga baya Zongo inda fatake, Hausawa da yawa a cikinsu, suke sauka. Su Gudel, Yantala, Gamkalle da Saga ƙauyuka ne masu zaman kansu. An kafa cibiyar mulkin soja a Yamai, aka mayar da babban birni Damagaram a 1911, aka sake dawo da shi Yamai a 1926.

Da suka zauna tsara sabon babban birni, Turawan mulkin mallaka sun tarar Allah ya riga ya ja musu layi. Suka ɗauki tudun da ke yammacin kwarin, wanda har gobe ake kira Plateau, suka gina gidan gwamna da ofisoshi da gidajensu a can, inda iska take. Ƴan ƙasa aka bar su a gabas. Tsarin birni na 1937 ya tabbatar da wannan rabo, Gunti Yena ya zama shingen tsakiya. Hujjar da ake bayarwa a lokacin ita ce kiwon lafiya, wai a nisanta Bature daga sauro da cututtukan baƙar fata, kamar dai sauro yana karanta taswira. Haka aka yi a birane da yawa na Afirka, sai dai a wasu wuraren sai da aka share fili aka bar shi fayau, a Yamai kuwa kwari ya ɗauke musu wahalar.

Rabon bai mutu ba. Duk wanda ya tsaya a kan ɗaya daga cikin gadojin ya dubi yamma zai ga manyan itatuwa, da faffaɗan hanyoyi, da ma'aikatun gwamnati. Idan ya juya gabas sai kasuwanni da cunkoson gidaje. Tsohuwar unguwar Gaweye da ke bakin kwarin ma an tashe ta, sunanta ya koma kan otel. Wannan ne ya sa malaman labarin ƙasa suke son kawo ƴan shekarar farko nan: darasin da za a kwashe awa biyu ana zanawa a allo, a kan gada minti biyar ya isa.

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, mutanen Yamai ba su wuce dubu talatin da ɗoriya ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan ɗaya. Ɗaliban da ke jera hotunan da jiragen sama suka ɗauka a shekarun 1950 kusa da hotunan tauraron ɗan adam na yau suna ganin inda mutanen suka shiga. Gonakin gero da dajin da ke saman kwarin, wuraren da a da suke shanye ruwan sama, sun zama rufin kwano, da kwalta, da daɓen siminti. Ruwan da ƙasa ke sha a hankali yanzu yana isowa cikin kwarin da sauri, ɗauke da yashi da duk abin da ya tarar a hanya.

Ruwan da ke tasowa daga ƙasa

Amsar farko game da ruwan rani mai sauƙi ce. Yamai ba ta da babbar hanyar bututun ƙazanta da ta game gari. Mafi yawan gidaje salga suke da ita da ramin wanka, sauran ruwan wanki da na wanke-wanke kuma a kan titi yake ƙarewa ko cikin magudanun da aka gina don ruwan sama. Magudanun tsakiyar birni da dama Gunti Yena suke nufa. Ƙari a kan haka ga na kasuwanni, da gidajen abinci, da wuraren wankin mota da garejoji.

Amsa ta biyu ita ce ta fi ba mutane mamaki, kuma ita ce ta fi shafar wanda yake da gida ko yake shirin gini. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke tasowa.

Masu binciken ruwa sun daɗe da lura da wani abu mai kama da almara a yankin Yamai. Duk da farin shekarun 1970 da 1980, rijiyoyin karkarar da ke gabashin birnin ba su ja baya ba, ƙaruwa suka yi. Awon da aka tattara daga 1963 zuwa 2007 ya nuna ruwan ƙasa ya hau da kimanin mita 4. Dalili shi ne saran daji don noma. Inda aka share itatuwa, ƙasa takan yi ɓawo, ruwan sama ya gudu maimakon ya tsaya, ya taru a tafkuna da kwaruruka, daga can ne kuma yake nitsewa ya ciyar da ruwan ƙasa. Ga shi babu saiwoyin da za su zuƙe shi kamar da.

A cikin birni kuma akwai ƙari. Kullum ana ɗebo ruwa daga kogi a tashoshin Gudel da Yantala, a tace shi, a tura shi unguwanni ta bututu. Wani ya zube a hanya inda bututu ya fashe, sauran kuma bayan an yi amfani da shi ya shiga salga da ramin wanka. Wato birnin da kansa yake yi wa ƙasar da yake zaune a kai ban ruwa, rani da damina. Su kuma mutanen da famfo ya iso gidajensu sun daina jan rijiya. Ƙasan Yamai ba ta da zurfin da za ta haɗiye wannan duka: a nan ne shimfiɗar dutsen yashi da ta rufe yawancin yammacin Nijar take sirancewa, ƙarƙashinta kuma yumɓu ne da tsohon dutsen Liptako da ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. Ruwan da ya rasa hanyar ƙasa sai ya bi gefe, ya ɓullo a wuri mafi gangare. Wurin nan shi ne kwarin Gunti Yena.

Aikin ɗalibin da ya ɗauki wannan fanni ba shi da wani ado. Yakan zaɓi rijiyoyi a cikin garake da gidaje, ya riƙa zagayo a kai a kai da igiyar awo mai ƙarfe a baki, wadda ke yin ƙara da zarar ta taɓa ruwa. Ya rubuta zurfin, ya rubuta rana, ya wuce ta gaba. Sai an shekara ana haka, wani lokaci biyu, kafin lambobin su fara magana. Wahalar ba ta awon ba ce, ta shiga gidan mutane ce. Dole a gaida mai unguwa, a yi wa maigida bayani da Zabarmanci ko da Hausa cewa ba daga ma'aikatar magajin gari aka zo ba, ba kuma rusau ake shiryawa ba. Wanda ya gina a wurin da bai kamata ba yana da dalilin tsoron duk mai riƙe da takarda da biro.

Abin da ake gani a unguwannin da ke saman kwarin, irin su Dar Es Salam, ya bambanta da ambaliyar da aka saba. Ambaliyar kogi, kamar ta watan Satumban 2020 lokacin da ruwa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai ya fasa shinge ya shiga Lamorde da maƙwabtanta, takan zo da ƙarfi, ta yi ɓarna, ta janye. Wannan kuwa ba ta da ranar zuwa balle ta tafiya. Gindin bango ya yi duhu, farin gishiri ya fito a jikin siminti, daɓe ya riƙa gumi, salga ta cika ba a daɗe da kwashe ta ba. A wasu wuraren tsakar gida takan zama tafki, kacala ta tsiro, kwaɗi su tare. Famfon zuƙe ruwa ba ya maganinta, don abin da aka zuƙe da safe ya dawo kafin la'asar.

Garake, da abin da ke cikin salati

Sai dai ruwan nan da ke kashe gida shi ne yake raya garka. Tsawon kwarin, duk inda aka samu ɗan fili, akwai fangalin salati, da shu, da karoti, da tumati, da alayyafo, da na'ana'a, ga masu renon dashen itatuwa da furanni da suke jera tukwanensu a bakin hanya. Masu aikin sun haɗa da Zabarmawa da Hausawa da mutanen da suka zo daga Burkina Faso, wasu sun gaji wurin, wasu haya suke yi, wasu ƴan cin rani ne da suka zo wata uku suka shekara goma. Kafin gari ya waye matan da ke sari sun iso, kafin hantsi ganyen ya isa kasuwa. Kusancin nan shi ne jarinsu, don salati ba ya jure doguwar tafiya a zafin Yamai.

Wasu suna da ƴan rijiyoyi marasa zurfi a cikin garkar. Wasu kuwa kai tsaye suke tsoma bokitin ban ruwa ko tiyon inji cikin magudanar. A nan ɗaliban sinadarai da na aikin gona suke shigowa. Ana ɗibar ruwan a kwalabe da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a sa cikin akwatin ƙanƙara, a garzaya da shi ɗakin gwaji kafin ƴan awoyi su wuce. Can a tace shi, a ajiye a ma'aunin zafi 44 na kwana guda, washegari a ƙirga ɗigon ƙwayoyin da suka tsiro, waɗanda ke nuna bayan gida ya gauraya da ruwan. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 ya ce ruwan da za a shayar da ganyen da ake ci ɗanye kada ya wuce irin waɗannan ƙwayoyi 1,000 a cikin mililita 100, kuma kada ƙwan tsutsar ciki ya wuce ɗaya a lita. Gwaje-gwajen da aka yi wa ruwan Gunti Yena sun sha nuna ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. A rijiyoyi kuma ana neman sinadarin nitrat, wanda yawansa ke tona asirin salgar da ke kusa. Iyakarsa a ruwan sha miligiram 50 ne a lita.

Mai garka ya san ruwan ba mai tsabta ba ne, shi ne yake tsayawa a cikinsa ba takalmi. Amma ya san wani abu kuma da ɗalibi yakan tabbatar daga baya a ɗakin gwaji: ruwan yana ɗauke da taki. Abin da ke sa shi wari shi ne ke sa salati ya yi kore shar, ba tare da an sayi buhun takin zamani ba. Saboda haka shawarar a hana kawai, wadda takan zo a shafin ƙarshe na kundin ɗalibin da bai daɗe a fili ba, ba ta taɓa zuwa ko'ina. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauto a 2006, ta koma ga matakai da yawa da kowanne ke rage haɗari: a bar ruwan ya kwanta a rami kafin a ɗiba, a zuba a gindin shuka maimakon a kan ganye, a dakatar da ban ruwa ƴan kwanaki kafin a cire, a wanke ganyen da ruwa mai tsabta a kasuwa, a sake wankewa a gida da ɗigon ruwan jabel ko makamancinsa. Babu mai tsada a ciki. Mai wuyar shi ne na dakatar da ban ruwa, domin salatin da ya kwana biyu bai sha ba a watan Maris ba ya sayuwa.

Abin da ya rage daga kwarin sai ya shiga kogi. Sa'ar da birnin ya ci ita ce tashoshin ruwan sha suna sama da bakin Gunti Yena. Waɗanda ke ƙasa, masu garake da majema na Gamkalle, da masunta, da manoman shinkafa na Saga, da matan da ke wanki a gaɓa, su ne suke karɓa. Da rani, lokacin da kogi ya ja baya, ruwan da zai surka ƙazantar ma ya yi kaɗan.

Duk da haka kwarin yana da rai. Ɗaliban da ke ƙirga tsirrai da tsuntsaye sukan dawo da jeri mai tsawo fiye da yadda suka zata: mangwaro, bedi, goriba, ayaba, ga balbela da zalɓe, ga shamuwa da damina, ga guza da ke ɓuya cikin ciyawa. Wanda ya gangara daga kwalta da azahar zai ji sanyin a jikinsa tun kafin a nuna masa ma'auni. Yamai ta riga ta ga abin da ya sami zoben itatuwan bedi da aka fara dasawa kewaye da ita a 1965, yadda aka yi ta gutsurarsa ana yanka filaye. Koren da ya rage a tsakiyar gari ba shi da yawa, kuma wani babban kaso nasa yana cikin wannan wurin da ake toshe wa hanci.

Leda kam ba ta buƙatar dogon bincike. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da ita da sayar da ita, kuma duk wanda ya leƙa ƙarƙashin gada bayan ruwan farko zai ga inda dokar ta tsaya.

A rufe ko a gyara

Muhawarar da ɗaliban kan tarar, a aji da kuma a ofisoshin da suke zuwa neman bayanai, ita ce ta makomar kwarin. Akwai masu ganin a ɗaure shi duka da siminti, a rufe, a shimfiɗa hanya da shaguna a kai, wari ya ƙare. Kano ta bi wannan hanya da Jakara, inda aka fara rufe ta da titi a zamanin gwamna Kwankwaso, aikin kuma ya daɗe bai kammala ba. Masu ilimin ruwa suna da ja a kan haka. Magudanar siminti tana saurin kai ruwan sama kogi, gaskiya ne, amma idan aka toshe gaɓar da ruwan ƙasa yake tsattsafowa ta cikinta ba tare da an bar masa mafita ba, zai nemi wata ƙofar, kuma ƙofar tana iya zama ɗakin wani. Ga kuma watannin Agusta da Satumba, lokacin da kogi ya cika ya tokare bakin kwarin a daidai sa'ar da ruwan sama ya fi sauka, sai abin da ke gangarowa ya rasa wurin zuwa. Ɗaya ɓangaren yana son a raba ruwan ƙazanta da na sama, a tace na farkon, a bar garake da itatuwa, a hana sabon gini a cikin gangaren. Wannan ya fi hankali, ya kuma fi wuya, don yana buƙatar hukumar da za ta iya ce wa mai kuɗi a'a.

Mutanen Maraɗi sun san ƙarshen irin wannan gardama. Tsohon garin a cikin kwarin Gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi sannan aka hau tudu.

Kundayen da ɗaliban ke rubutawa, da faransanci suke, kuma yawancinsu daga zauren kare kundi sai kantar ɗakin karatu. Mai garkar da ya ba da ruwan rijiyarsa aka auna ba kasafai yake jin sakamakon ba, haka ma matar da ta buɗe ƙofar gidanta sau goma sha biyu a shekara. Wannan gibi ne da gidajen rediyo masu watsa shiri da Hausa da Zabarmanci za su iya cikewa da kuɗi kaɗan.

Akwai kuma wanda binciken ya shafa alhali yana Agege, ko Kumasi, ko Tamanrasset, ko Jidda: ɗan cin ranin da ke turo kuɗi a saya masa fili a Yamai. Ana yawan nuna fili ne da rani, a turo hotonsa ta WhatsApp, busasshe, shimfiɗaɗɗe, da araha. Abin da ɗaliban ke dubawa idan sun shiga unguwa, kowane ɗan'uwa da aka aika zai iya dubawa. Ya leƙa rijiyar maƙwabta ya ga a mita nawa ruwa yake, ya tambaya ko a da ya fi haka zurfi. Ya dubi gindin bangayen da ke kewaye, ko akwai duhun laima da farin gishiri. Ya tambayi sau nawa ake kwashe salga a shekara. Idan ya ga kacala ko wata ciyawar fadama ta yi kore a watan Afrilu a wurin da babu famfo, to ruwa na kusa. Sannan a jinkirta biyan kuɗi har a koma a ga filin a ƙarshen Agusta, kwana guda bayan an yi ruwa mai ƙarfi.